Pan Irek da Dawowar Gajda

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma na san a garinmu zancen tseren babur na maza ne, ba na yarinyar da ko keke ba ta iya hawa da kyau ba. Sau uku ina yaga shafin farko. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, ku tsallake shi ku bi labarin.

A filin tseren garinmu, daidai kwanar farko, akwai wani bencin katako da kowa ya san na Pan Irek ne. Pan a garinmu kalmar girmama namiji ce, ta mace kuma Pani. Ba a rubuta sunansa a jiki ba, amma shekara talatin yana zama a ƙarshensa na dama duk Lahadin da ake wasa, agogon awon gudu rataye a wuya, biro a bayan kunne, takardar cike maki a kan gwiwa. Nan ne jan burji ya fi feshi in babura huɗu suka shigo kwana a karkace, ba birki, ƙafar hagu tana shara a ƙasa. Duk mai zama a wurin sai ya koma gida da ƙasa a haƙora, Pan Irek kuwa da wannan yake alfahari. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Jamus, sai Kirsimeti suke kira. Abin da ya rage masa a duniya shi ne in ya buɗe baki a kan bencin nan, a yi shiru. In ya ce wane ya iya, to ya iya. In ya ce wane ya je ya nemi aikin dako, ba a wata biyu sai ka ji ƙungiya ta sallame shi.

To, shirun nan ne ya fara ƙarewa. Wasu samari masu ƙwal-kwabo sun zo da ganga sun mamaye bayan bencin, shugabansu wani Czarek, ƙato mai aiki a mayanka. Da farko suna gaishe shi. Daga baya suka fara ɗora ƙafa a kan bencin, suna tofar masa da ɓawon 'ya'yan furen rana a kafaɗa kamar ba da gangan ba.

"Baba, agogon nan naka yana tafiya kuwa? Ko shi ma ya yi ritaya?"

"Ya girmi ubanka, kuma ya fi shi faɗin gaskiya," in ji Pan Irek. Da can irin wannan amsa takan kwantar da layi uku da dariya. Yanzu mutum biyu ne suka murmusa.

A damunar nan direbobinmu biyu suka karye a mako ɗaya, aka ci mu sau huɗu a jere. Ranar ta huɗun, bayan an tashi, Pan Irek ya ninke takardarsa ya ce abin da ya saba faɗa:

"Da Gajda ne, da hannu ɗaya zai cinye yaran nan."

Hipolit Gajda shi ne gwarzon garinmu na da. Shekara goma sha biyar ke nan da ya faɗi a wannan kwanar, ƙugunsa ya tsage, ya ajiye babur. Yanzu shekararsa arba'in da shida, motar gidan burodi yake tuƙawa, ranar atisaye kuma yakan zo ya yi zagaye biyu uku a hankali don ya nuna wa yara yadda ake kwantar da babur.

"Gajda, Gajda, Gajda," in ji Czarek. "Tun ina shan nono nake jin Gajda. Baba, in har ya kai yadda kake faɗa, kawo mana shi. Ai ka ce abokinka ne."

"Abokina ne mana."

"To kawo shi. In ya ci ko tsere ɗaya, ni zan riƙa goge maka bencin nan da rigata. In bai ci ba, ka koma can wajen mata masu sayar da shayi, mu sa ganga a nan."

Kowa ya juyo yana kallon Pan Irek. Rabon da a dube shi haka an daɗe. Ya ce, "Lahadi ta sama za ku gan shi."

Ranar Talata ya tafi gidan Gajda da kwalbar giya a aljihun kwat. Pani Regina, matar Gajda, ta zuba masa miyar kabeji, ta tsaya jikin murhu ta harɗe hannu, domin tun daga ƙofa ta gane abin da ya kawo shi.

"Pan Irek, in zancen fili ne, ka sha miyarka ka tafi."

"Haba Pani Regina, gaisuwa na zo."

"Gaisuwa da kwalba ranar Talata?"

Gajda ya yi dariya ya ce ta bar su. Da ta fita shanya, Pan Irek ya matso da kujera. Ya iya magana, wannan ba mai ƙwace masa. Ya ce gari ya mutu. Ya ce yaran yanzu tsoron katanga suke ji. Ya ce duk inda ya shiga, shagon aski, tashar bas, ƙofar coci, tambaya ɗaya ce: ina Hipek, wato Hipolit? Ƙarya ce, ba wanda ya tambaya, amma yana faɗa yana ganin kunnuwan Gajda suna yin ja.

"Da gaske suna tambaya?"

"Har yara ƙanana. Shugaban ƙungiya ma na yi masa magana, ya ce babur yana nan, kai kaɗai ake jira."

Gajda ya daɗe yana juya ƙaramin kofi a hannu. Sai ya leƙa taga ya ga matarsa tana can nesa, ya rage murya.

"Irek, akwai abin da ba wanda ya sani sai Regina da likita. Tun faɗuwar nan marata ba ta riƙe fitsari. A mota lafiya lau. Amma in babur ya fara girgiza ni, shi ke nan. Ko ranar atisaye sai na yi ƙunzugu a cikin rigar fata, kamar jariri." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ka ji gwarzonku."

"Wa zai gani? Rigar fata baƙa ce. Ni kuwa kabari ne, ka sani."

"Na sani. Shi ya sa na faɗa maka."

Kafin Pani Regina ta shigo da kwandon wanki, an gama magana.

Ranar Lahadi, bayan an fito coci, fili ya cika kamar yadda bai cika ba shekara da shekaru. Hayaƙin gasasshen nama, ƙamshin man babur, tsofaffi sun zaro tsofaffin gyalen ƙungiya daga akwati. Da lasifika ta kira sunan Gajda, ihun da aka yi sai da tantabaru suka tashi daga rufin rumfa. Ya fito yana ɗan ɗingishi, rigar ta matse shi a ciki, ya ɗaga hannu, kuma ya ɗaga shi ne wajen kwanar farko. Mutane suna ta dafa kafaɗar Pan Irek. Wani ya miƙo masa giya bai tambaya ba. Ya zauna daram, yana ji kamar an cire masa shekara ashirin.

Gajda yana tsere na uku. Babura huɗu suka jera a bayan igiyar tashi, biyu namu, Gajda da shuɗiyar hula, ɗayan da ja, biyu na baƙi.

A zamanin Gajda ba a tsayawa cak a bayan igiya. Kana lilo da babur gaba da baya, kana tura igiyar da taya, kana satar idon alƙali, duk wanda ya fi iya sata shi ke fita gaba. Gajda kuwa a duk ƙasar ba wanda ya kai shi. Amma bayan ya bari aka canza doka: ka taɓa igiya, an fitar da kai. Ya san dokar. Shi da kansa yake koya wa yara ita. Sai dai da koriyar fitila ta kama, injuna huɗu suka ɗauki kuka, mutum dubu takwas suka miƙe tsaye, hannunsa na hagu ya manta da shekara goma sha biyar. Ya saki kuloci kaɗan, babur ya yi gaba, taya ta ture igiya.

Jar fitila. Lasifika ta ce an fitar da mai shuɗiyar hula.

Fili ya yi tsit, sannan baƙi da ke ɗaya gefen suka fashe da dariya. Gajda ya zauna a kan babur yana kallon alƙali kamar bai gane ba, sai da bakanike ya zo ya ja shi.

"Zumuɗi ne," in ji Pan Irek da ƙarfi, don a ji. "Jinin yana nan. Ku jira na biyu."

"Muna jira, Baba," in ji Czarek a bayansa. Ya buga ganga sau ɗaya, dum.

A tsere na bakwai Gajda ya dawo. Wannan karon ya tsaya nesa da igiya kusan taku guda, ya ƙanƙame kuloci kamar mai riƙe da maciji. Igiya ta tashi, uku suka fice, shi yana nan. Sai da suka kai kwana sannan ya motsa. Zagaye huɗu ya yi yana shan burjinsu a fuska, kuma ko da mai tuta ya kaɗa wa na farko, shi bai fito daga kwanar ƙarshe ba. Ya wuce ta gaban bencin a hankali, kansa a sunkuye.

Nan fa aka fara. Ba da Gajda aka fara ba, shi yana can cikin rumfar kanikawa, ba ya kusa. Da Pan Irek aka fara.

"Wannan ne na hannu ɗayan?"

"Ai da motar burodin ya zo da ita, da ya fi sauri!"

"Irek, kai ka jawo mana wannan abin kunya a gaban baƙi!" Wannan ba yaro ba ne ya faɗa, wani tsoho ne da suka yi shekara ashirin suna raba shayi a kofi ɗaya.

Wani ya zare biron daga bayan kunnensa ya jefa cikin fili. Wani ya tuntsurar da giya a kan takardarsa, makin da ya cike suka narke. Czarek ya tsallako ya ɗora gangar a kan bencin, ta tokare cinyar Pan Irek.

"Baba, alkawari. Ga hanya can. Ka gaishe da masu shayi."

"Saura masa tsere ɗaya."

"Ka tashi da mutuncinka, ko mu ɗaga ka da bencin gaba ɗaya."

Pan Irek ya dubi hagu, ya dubi dama. Duk fuskokin da ya sani ne, ba ɗaya da ta kawar da kai don kunya. Ya hango wurin masu shayin, can bayan turakun fitila, inda ba a ganin kwana sai ƙura. Ya ga kansa a can kowace Lahadi, yana magana ba mai juyowa. Ku gafarce ni, abin da ya faɗa ba shi da daɗin rubutawa, amma ya faɗa.

"Ni ma yaudarata ya yi," ya ce. Muryarsa ta fito siririya, ya gyara ta. "Ina na san ya lalace haka? Kun san me ya sa ya makara a igiya? Nauyi ne ya yi masa yawa. Mutumin da ke tsere da ƙunzugu a cikin wando!"

"Da me?"

"Ƙunzugu. Na jarirai. Da bakinsa ya faɗa mini. Babur na girgiza shi, sai ya saki. Matarsa ce ke ɗaura masa kafin ya fito."

Na ƙarshen nan ba a faɗa masa ba, shi ya ƙara, domin ya ga bakin Czarek ya fara buɗewa. Czarek ya kama ciki ya durƙusa. Dariyar ta bi layi, ta hau sama, ta gangara, kowa yana juyawa yana faɗa wa na bayansa. Pan Irek ya ji ta tana tafiya kamar yadda maganarsa take tafiya a da. Czarek ya sauke gangar daga bencin, ya rataya, ya nemo kiɗa. Kafin a gama tsere na tara, kwanar farko gaba ɗaya tana rerawa:

"Gajda, Gajda, a canza maka! Mai ƙunzugu, a canza maka!"

Baƙi ba su san tushen zancen ba, amma suka karɓa. Wani ya ɗaure farin gyale a ƙugu yana rawa a kan katanga. Pani Regina tana zaune a babbar rumfa da jakarta a cinya. Matan da ke kusa da ita suka daina kallonta, suka koma kallon juna.

Pan Irek ya yi zaton Gajda ba zai sake fitowa ba. Har addu'a ya yi a ransa kada ya fito. Amma a tsere na goma sha ɗaya sai ga shuɗiyar hula. Kanikawa suka turo shi, inji ya kama, ya zo ya tsaya a igiya. Kafin alƙali ya kunna fitila akwai ɗan lokacin da direbobi ke gyara ƙasa da dunduniya, injuna suna ƙasa-ƙasa, ana jin komai. Waƙar ta cika fili. Gajda ya ɗaga gilashin hularsa, ya juyo da kai wajen bencin. Nisan bai kai taku sittin ba. Pan Irek ya sunkuya yana neman biron da ya san ba ya nan.

Igiya ta tashi. Wannan karon Gajda bai taɓa ta ba, bai kuma makara ba. Ya fita kafaɗa da kafaɗa da abokin tserensa, wani yaro ɗan shekara goma sha tara mai jar hula. A kwanar farko ya buɗe wa yaron ciki, shi ya bi ta waje, dab da katanga, inda yaran yanzu ba sa bi, ya tare baƙin biyu a bayansa. Burji ya watsu a fuskar Pan Irek. Zagaye ɗaya. Zagaye biyu. Ja a gaba, shuɗi na biye. Tsofaffi suka fara miƙewa, waƙar ta fara yankewa, amma Czarek bai daina kiɗa ba.

A zagaye na uku hannuwan suka gaji. Babur ya ci ƙasa mai kauri, ya ɗaga kai, ya yar da shi. Baƙin suka goce da ƙyar. Gajda ya bugi katanga da kafaɗa, ya kwanta a gaban bencin, babur a gefensa taya tana juyawa.

Kowa a garinmu ya san abin da ke biyo baya. In wanda ya faɗi ya ci gaba da kwanciya a hanya, alƙali zai tsayar da tsere a sake daga farko, yaron da ke gaba ya rasa gabansa. Babura uku suna can ɗaya gefen, suna dawowa.

"Tashi! Tashi, tsohon banza!"

"Kauce daga hanya! Ka je a canza maka!"

Ya tashi. Hannun dama yana lilo kamar ba nasa ba. Ya kama babur da hagu, ya ja, ya faɗi a gwiwa, ya sake ja. Baburan suna shigowa kwana ya tura shi kan ciyawar tsakiya, ya bi shi da rarrafe. Suka wuce ta inda kansa yake ɗazu. Alƙali bai kunna jar fitila ba. Yaro mai jar hula ya ci tseren, maki uku.

A filinmu al'ada ce in direba ya faɗi ya tashi da ƙafarsa, kowa ya tafa masa, ko na baƙi ne, ko ka tsane shi. Gajda ya miƙe a kan ciyawa, ya tallabe hannu, ya fara takawa zuwa rumfar kanikawa. Tafiyar doguwa ce, sai ya ratsa tsakiyar fili duka. Masu tafi suna yi wa yaron, da ke zagayen murna da taya ɗaya a sama. Kwanar farko kuwa idonsu yana kan wandon Gajda, suna nuni, suna gardama ko jiƙewa ce ko inuwa ce. Pan Irek ya ɗaga hannayensa biyu daga cinya. Ya ga ba wanda ya ɗaga nasa a layin. Ya mayar da su.

Motar asibiti ta fita ta ƙofar baya ba jiniya. Pani Regina ta sauko daga rumfa, ta bi ta gaban mutane a tsaye ƙyam, ba ta dubi kwanar farko ba ko sau ɗaya.

An ci mu da maki shida. Amma ba wanda ya yi saurin tafiya gida a kwanar farko. Czarek ya zauna a bencin, ya bar wa Pan Irek ƙarshen dama, ya ɗora masa hannu mai nauyi a wuya.

"Baba namu! Ashe kai mugu ne haka? Ku ba Baba giya! Kai, sauke ƙafarka, ba ka ga dattijo a zaune ba?"

Aka miƙo giya. Wani ya karkaɗe masa ɓawon da ke kafaɗarsa. Samari kusan ashirin suka kewaye shi, wasu a tsugune.

"Baba, ai shekara talatin kuna tare. Ba wannan kaɗai ka sani ba. Me kuma? Matar fa? An ce da can ba shi ta so ba."

Aka yi shiru, irin shirun nan. Pan Irek ya kurɓi giya, kumfa ta zubo masa a kwat. Ya share baki da bayan hannu. Ya dubi fuskokin da ke jiransa.

"Regina?" ya ce. "Hmm. Ku matso."

Suka matso.

Ni ina layi na uku a bayansu, kawuna ya aike ni ɗauko masa hular da ya manta. Na ɗauke ta a hankali, na bi ta bayan turakun fitila, na fice ta ƙaramar ƙofa tun kafin wani ya waiwayo.